Gam Ba Ya Jin Ban-Haƙuri

Da 'yar yayana ta dawo Hunkuyi hutu daga Jami'ar Ahmadu Bello, inda take koyon zane a Samaru, sai ta koma 'yar tsince-tsince. Ta bi teloli ta kwaso guntayen atamfa, ta tara tsofaffin jaridu da bawon masara da busasshen ganyen rake. Aikin da aka ba su a aji sunansa kolaj, wato haɗa hoto ta hanyar manna abubuwa a kan kwali, ba shafa fenti ba. Kalmar ta Faransanci ce, kuma Picasso da Braque ne suka fito da fasahar fili a 1912. Amma baduku da ke ɗora jar fata kan koriya ba zai ga baƙon abu ba.

Tabarma ta shimfiɗa, ta jera kayan daga mai haske zuwa mai duhu, sannan ta zana manomi a gonar rake da fensir, sama-sama. Inda take son baki mai kaifi, almakashi ne. Inda take son laushi, kamar gajimare, da hannu take yaga. Ashe jarida ma tana da hanyarta kamar rake: ka bi tsawonta ta tsage sumul, ka gitta ta karkace.

Kwana biyu tana jera guntaye ba ta buɗe gam ba. Ta ɗora, ta ja baya, ta kanne ido, ta dawo ta gusa wani ƙyalle kamar faɗin farce. Na ce me ake jira? Ta ce, "Baffa, gam ba ya jin ban-haƙuri."

Ran mannawa, daga nesa ta taso: sararin sama, sai gona, manomi a ƙarshe, don na gaba ya rufe bakin na baya. Gam ɗin kaɗan take lakatowa da burushi, ta shafa daga tsakiya zuwa gefe, ta bi da bayan cokali ta kore iska. Da yake hunturu na lanƙwasa kwali, sai ta manna wata takarda a bayansa, ja ya zo daidai, ta danne shi da littattafai ya kwana.

A Zariyar nan, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya kan a haɗa dabarar waje da gadon gida. Ga shi yau a tsakar gidanmu.

Samarin da suka yi kwanakin nan a dakali suna latsa waya sun leƙo suna tambayar inda aka sayo hoton. Mahaifiyarta kuwa ta daɗe tana kallon shuɗin saman, can ta kama baki: "Ke! Ba tsohon zanena ba ne wannan?"