Makin na Kujera Ne, Kuɗin na Ɗan Baya

Duk ranar 1 ga Yuli, idan kasuwar 'yan wasa ta buɗe a gasar hoki ta ƙanƙara ta NHL, abu ɗaya ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake yanke wa ɗan baya farashi da yawan makinsa. A ɗauko takarda, a ga ya tara maki 60 ko 70 a kaka, shi ke nan wakilinsa ya samu abin riƙewa, manajan ƙungiya ya buɗe asusu, magoya baya kuma su shiga murna an sayo gwani. Ba a cika tsayawa a tambayi inda makin ya fito ba. Alhali kaso mai tsoka daga cikinsa yakan fito ne daga lokacin rinjaye, sa'ad da aka tura ɗan wasan abokan hamayya bencin hukunci na minti biyu, ana biyar da huɗu. Ra'ayina a kan wannan a bayyane yake. Yawancin makin da ɗan baya ke samu a wannan lokaci na kujerar da aka zaunar da shi ne, kuma ƙungiyar da ta biya shi farashin tauraro saboda su ta sayi abin da dama nata ne.

Mu fara da yadda aikin yake. A da ana fita lokacin rinjaye da 'yan gaba uku da 'yan baya biyu. Yanzu kusan kowace ƙungiya 'yan gaba huɗu take sakawa a rukuninta na farko, ɗan baya guda ya tsaya a sama kusa da shuɗin layi, wannan ce kujerar. Aikinsa ya hana faifan wasan fita, ya karɓa daga dama ya miƙa hagu, wani lokaci ya harba don a samu wanda zai karkatar ko ya bi ragowa. Tun da dokar wasan tana ba mutum biyu na ƙarshe da suka taɓa faifan kafin ci makin taimako, wanda ke tsakiyar wannan zagaye ba ya rasa rabo. Babu mai matsa masa kamar yadda ake matsa masa idan ana biyar da biyar, domin 'yan huɗun nan sun ja baya suna tare gaban raga. Sannan mintunan kaɗan ne. Babban ɗan baya yakan yi minti 23 zuwa 25 a wasa, wanda bai fi uku ko huɗu daga ciki ba ne na rinjaye. Sauran kusan ashirin ɗin a nan ake sanin ko zai iya ƙwato faifai a kusurwa, ya fitar da shi daga yankinsa ana binsa da duka, ya tare ɗan gaba mai gudu. Ashirin ɗin nan ne aikin ɗan baya, amma ukun ne ke yanke masa albashi.

Wanda ke shakka ya dubi Edmonton. A kakar 2020-21 Tyson Barrie ya fi kowane ɗan baya a gasar maki, 48 a wasa 56, yana tsaye a saman rukunin da Connor McDavid da Leon Draisaitl ke ciki. 'Yan jaridar da ke zaɓen kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya ba su ba shi ƙuri'a ko ɗaya ba, kuma a wannan karon sun yi daidai, domin sun ga abin da ake gani: albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. A Fabrairun 2023 Edmonton ta miƙa shi ga Nashville ta karɓo Mattias Ekholm, ta ɗora Evan Bouchard a kujerar. Rukunin bai girgiza ba. Ya ƙare kakar da cin kashi 32.4 cikin ɗari na damar da ya samu, abin da ba a taɓa rubuta kamarsa ba a tarihin gasar. Bouchard, wanda ya yi maki 40 a wannan kaka, ya haura zuwa 82 a ta gaba. Barrie kuwa ya tarar da Roman Josi a kujerar Nashville, ya ƙare kakar 2023-24 da maki 15 a wasa 41. Mutum biyu, kujera ɗaya, makin ya tsaya inda kujerar take.

Dallas ta nuna abin ta ɗaya fuskar. Shekaru John Klingberg ne ke riƙe da rukunin farko, Miro Heiskanen yana yin aikin wahala. A kakar 2021-22 Heiskanen ya yi maki 36. Klingberg ya tafi Anaheim a bazarar 2022, Heiskanen ya gaji wurin, sai ga maki 73. Gaskiya ne an sauya koci a daidai lokacin, Pete DeBoer ya zo da salon da ya fi sakin jiki wajen kai hari, amma babu mai cewa yaron ya ninka gwanintarsa cikin wata huɗu. Abin yabo ga Dallas shi ne ta riga ta ɗaure shi tun 2021 da kwantiragin shekara takwas a kan dala miliyan 8.45 duk shekara, lokacin da makinsa ba ya ɗaukar ido. Ta biya shi ne saboda abin da yake yi ana biyar da biyar, makin rinjaye ya zo mata gyara. Klingberg kuma, da ya fita kasuwa da takardar makinsa, kwantiragin shekara ɗaya kawai ya samu, daga nan ya shiga yawo tsakanin Anaheim da Minnesota da Toronto.

Babu ƙungiyar da ta fahimci wannan kamar Carolina. A 2021 ta bar Dougie Hamilton ya tafi New Jersey a kan dala miliyan 9 duk shekara har shekara bakwai, ta ɗauko Tony DeAngelo a kan miliyan ɗaya kacal, ya ba ta maki 51 a wasa 64. Philadelphia ta ga makin ta ruɗu, ta ba shi miliyan 5 a shekara har shekara biyu, bayan kaka ɗaya ta biya shi ta sallame shi. Carolina ta zaunar da Brent Burns yana da shekara 37, ya yi maki 61. Daga baya ta ɗauki Shayne Gostisbehere a kan miliyan 3.2. Masu zama suna ta sauyawa, amma wanda ba ta taɓa yarda ya motsa ba shi ne Jaccob Slavin, wanda ba kasafai ake ganinsa a lokacin rinjaye ba, wanda kullum shi ake haɗawa da 'yan gaban da suka fi hatsari, kuma wanda ya yi kakar 2020-21 sukutum da hukunci ɗaya tak na minti biyu. Shekara bakwai ya yi yana karɓar miliyan 5.3, sabon kwantiraginsa kuma bai kai miliyan 6.5 ba. A ce ɗan baya irin wannan yana karɓar kashi biyu cikin uku na abin da ake ba mai miƙa faifai a shuɗin layi, wannan kasuwa ba ta san abin da take saye ba.

Abin ya fi ciwo saboda akwai iyakar albashi. Tun 2005 gasar ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe, kuma a lokacin annobar korona iyakar ta tsaya cik a dala miliyan 81.5 har kaka uku. A ƙarƙashin irin wannan tsari duk dalar da aka ƙara wa mutum ɗaya daga bakin wani aka cire ta. Kuma kujerar ɗaya ce tilo. San Jose ta koyi wannan da tsada, lokacin da ta haɗa Burns mai miliyan 8 da Erik Karlsson mai miliyan 11.5, 'yan baya biyu masu son aiki iri ɗaya a gefe ɗaya, ta yi kaka uku a jere da su ba ta shiga wasannin neman kofi ba. New Jersey ma ta bi sahu, domin tana biyan Hamilton miliyan 9 ta sake ba Luke Hughes miliyan 9 a 2025. Duk wanda aka sauke daga rukunin farko makinsa zai faɗi, 'yan kallo su fara cewa ya lalace, alhali shi ne dai na jiya, wurin zama kawai aka karɓe.

Florida ce ta ba da hujjar da ta fi nauyi, domin tata ta zo da kofi. Brandon Montour ya yi maki 73 a kakar 2022-23 yana jan rukunin farko. Gustav Forsling kuwa Carolina ce ta sake shi a farkon 2021, Florida ta tsince shi ba ta ba da kowa ba. A kakar 2023-24 shi ya fi kowa a gasar ratar cin da aka yi da wanda aka sha yana fili, ƙari 56, ba tare da wani rabo na kirki a lokacin rinjaye ba. Da lokacin zaɓi ya zo, Florida ta ba Forsling shekara takwas a kan miliyan 5.75, ta bar Montour ya tafi Seattle a kan miliyan 50 na shekara bakwai. Ta ɗauki kofin Stanley a 2024 da su biyun, ta sake ɗauka a 2025 babu Montour, kuma duka biyun Edmonton ta doke, ƙungiyar da ta fi kowa suna a lokacin rinjaye. Seth Jones da ta ɗauko ana dab da rufe kasuwa a 2025 ma sai da Chicago ta yarda ta ci gaba da biyan miliyan 2.5 daga cikin miliyan 9.5 ɗinsa, wato ita kanta mai kwantiragin ta amsa cewa farashin farko ya wuce kima.

Za a ce, to ai ba kowa ne zai iya zaman kujerar ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar na duk cin da ake yi a gasar a lokacin rinjaye ake yinsa. Na yarda. Akwai gwaninta a tsayuwa a kan layi, a harba faifai ya ratsa ƙafafu, a san lokacin riƙewa da lokacin saki. Cale Makar da Quinn Hughes ba masu cin albarkacin wasu ba ne, su ne ke ɗaga rukunin, kuma harbin Bouchard na tilasta wa masu tsaro su fito, abin da Barrie bai taɓa yi ba. Carolina ma ta ɗanɗana kuɗarta a 2024, lokacin da rukuninta ya yi sanyi a gaban New York Rangers aka fitar da ita. Sai dai a lura, waɗanda ake kafa hujja da su duka gwanaye ne ana biyar da biyar. Makar ya cancanci miliyan 9 ɗinsa ko da ba a taɓa hura usur ba. Maki 101 da Karlsson ya yi a kakar 2022-23, karon farko da ɗan baya ya kai ɗari tun Brian Leetch a 1992, mafi yawansu ba a lokacin rinjaye ya same su ba. Irin waɗannan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Matsalar tana wurin na biye da su, waɗanda takardar maki ke sa su yi kama da Makar, a biya su kusa da shi, alhali da an ba ɗan baya na uku a ƙungiyarsu mintunan nan da ya kawo mafi yawan abin da suke kawowa.

Shi ma kwantiragin Bouchard na 2025, miliyan 10.5 duk shekara har shekara huɗu, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi. Idan Edmonton ta biya ne don yadda shi da Ekholm ke riƙe faifai a yankin abokan hamayya ana biyar da biyar, akwai abin kārewa, ko da kurakuransa a bayan gida suna ɓata rai. Idan kuwa maki 82 ne suka ja farashin, to ta biya Bouchard ladan aikin McDavid da Draisaitl, waɗanda dama tana biyansu.

Gyaran ba shi da wuya, ƙarfin hali kawai yake so. Kafin a zauna da wakilin ɗan baya a ware makinsa gida biyu. A dubi na biyar da biyar a auna shi da mintunan da ya yi, a dubi su wa ake haɗa shi da su, a wane yanki ake fara masa wasa, da kuma yadda ƙungiya ke kasancewa idan ya koma benci. A nan ne asalin farashinsa yake. Na rinjaye kuma a yi masa tambaya ɗaya: nawa ne ya ɗara abin da wani ɗan baya mai hankali zai samu da waɗannan 'yan gaba huɗu? Wannan ratar kaɗai ce ta cancanci ƙarin kuɗi, kuma ga yawancin 'yan baya ba ta kai miliyan uku ko huɗun da ake ɗorawa ba. Matashin da ake da niyyar ba kujerar a ɗaure shi da kwantiragi tun kafin ya hau, kamar yadda Dallas ta yi. Da iyakar albashi ta tashi daga miliyan 88 zuwa 95.5 a 2025, manajoji sun samu sararin da zai ɓoye irin wannan kuskure na ɗan lokaci, kuma abin da nake tsoro ke nan. Ƙungiyar da ta zuba ƙarin kuɗin a kan masu aikin minti ashirin, ta cike kujerar rinjaye da mai sauƙin farashi idan ba ta da Makar nata, ita ce za ta riƙa wuce tsara a watan Mayu da Yuni.