Gajiyar Biki: Liyafofin Cannes a Madubin La Dolce Vita

A shekarar 1960, alƙalan bikin fina-finai na Cannes da ke kudancin Faransa suka miƙa babbar kyautarsu, Palme d'Or, ga La Dolce Vita na Federico Fellini. Fim ɗin labarin wani ɗan jarida ne mai suna Marcello, wanda ke yawo daga liyafa zuwa liyafa a birnin Roma, ya raba dare cikin attajirai da taurari, gari ya waye masa bai ƙaru da komai ba. Abin lura shi ne, wurin da ya karrama fim ɗin shi kansa matattarar irin waɗannan liyafofi ne, kuma gajiyar da Fellini ya zana a fuskar Marcello ita ce mahalarta bikin ke kwasowa har yau.

An fara bikin Cannes a 1946, kuma a yanzu ana shafe kimanin kwana 12 ana yin sa a watan Mayu. Tun 1959 aka haɗa masa kasuwar fina-finai, inda ake cinikin haƙƙin nunawa da neman masu zuba jari. Da rana ana kallo, da dare kuwa sai a koma otal-otal na titin Croisette da bakin teku da jiragen ruwan alfarma. Matashin darakta bai isa ya ƙi zuwa ba, domin mai yiwuwa wanda zai sayi fim ɗinsa yana can riƙe da kofi. Haka zai tsaya sa'o'i cikin ƙarar kiɗa, yana maimaita labarin fim ɗinsa ga baƙi ɗaya bayan ɗaya, yana yaƙen haƙora, alhali idon abokin maganarsa na can yana laluben wanda ya fi shi daraja. Wannan aiki ne da aka yi wa laƙabin shaƙatawa, shi ya sa mai yin sa ke jin nauyin cewa ya gaji, kada a ce ya yi butulci.

Jiki ma yana biyan nasa haraji. A 2015 aka yi ta ce-ce-ku-ce bayan rahotannin cewa an hana wasu mata shiga kallon fim ɗin Carol saboda ba su sa takalmi mai tsini ba, sannan a 2018 Kristen Stewart ta tuɓe nata a kan jan kafet. In shiga zauren kallo ya zama haka, ina ga daren da za a raba a tsaye?

Babbar asarar kuwa a kan fim take faɗawa. Mai sharhin da ya kwanta ƙarfe uku na dare, shi ne zai zauna kallon ƙarfe takwas da rabi na safe, kuma abin da ya rubuta na iya ɗaga fim ko ya binne shi. Aiki irin Yeelen na Souleymane Cissé ɗan ƙasar Mali, wanda ya ci kyautar alƙalai a 1987, yana tafiya ne a hankali, yana neman idon da ya huta da zuciyar da ta natsu. Idon da barci ya cika zai kira natsuwar fim jan jiki. Nauyin kuma bai zama ɗaya ga kowa ba: tauraron da ke da wakilai yana leƙawa ya fice, wanda ya zo shi kaɗai daga Bamako ko Njamena shi ne wakilin kansa har kiɗa ya tsaya.

Za a iya cewa sabo da yarda ba sa samuwa sai an haɗu, kuma akwai gaskiya a nan. Sai dai haɗuwar da ba a jin juna a cikinta ta zama taron tsintsiya ba shara. Fellini ya rufe fim ɗinsa da Marcello a bakin teku da asuba, bayan wata liyafa. Wata yarinya na yi masa magana daga tsallaken ruwa, ya kasa jin abin da take faɗa, ya ɗaga hannu ya juya. Bikin da aka kafa domin a saurari fim ya kamata ya tambayi kansa, sau nawa ya tura masu kallonsa zaure a irin halin Marcello.