4.3 Sharhi a Kan Gyaran Ogan Mai Bututu da Maye Gurbinsa

Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa fiyanon lantarki ne ya kori ogan mai bututu daga majami'u, kamar yadda ake zarginsa da korar kalangu da kotso daga fagen waƙar Hausa. Masu wannan ra'ayi sukan ɗora laifin a kan zamani da son banza irin na matasa. A ganin mai wannan bincike, sun kama reshe ne sun bar tushe. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: idan kayan kiɗa ya lalace, wa ke gyara shi, kuma a ina yake zaune?

Kafin a yi nisa, ya dace a bayyana yadda ogan yake. Kayan busa ne, duk da cewa da yatsu da ƙafafu ake sarrafa shi. Yana da zugazugi kamar na maƙeri, wanda ke tura iska cikin wani akwatin katako. A bisa akwatin aka jera bututu, wasu na katako, wasu na haɗin kuza da dalma, kowane ɗaya da sautinsa guda tak. Idan makaɗi ya danna maɓalli, sai wata 'yar ƙofa da aka lulluɓe da fata ta buɗe, iska ta shiga bututun, ya yi kuka. Jeri ɗaya yakan ƙunshi bututu 61, babban ogan kuwa yana da jeri masu yawa. Wato ke nan katako da fata su ne ransa, kuma su ne abubuwan da yanayin ƙasar Kano bai raga musu ba. Da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katako ya tsage, fata ta bushe ta ƙeƙashe, ƙura ta toshe bakin bututu. Da damina katakon ya kumbura. Zafin bazara kuma yakan ɗaga sautin bututun daga inda aka saita shi. Ga gara, ga ɓeraye masu cin fata.

Ko a Turai inda aka ƙera shi, riƙonsa ba wasa ba ne. Alal misali, ogan ɗin majami'ar Notre-Dame da ke Faris, wanda Cavaillé-Coll ya sake ginawa a 1868, yana da bututu kusan 8,000. Gobarar 15 ga Afrilu, 2019 ba ta ƙone shi ba, ƙurar dalma ce kawai ta rufe shi. Amma sai da aka kwance shi a 2020, aka tsabtace bututun ɗaya bayan ɗaya, ba a sake jin muryarsa a bainar jama'a ba sai 7 ga Disamba, 2024. Abin lura shi ne Faransa tana da masu wannan sana'a a gida.

A Nijeriya, ogan ya fi kafuwa a Legas. T. K. E. Phillips ya riƙe na babbar majami'ar Angilika ta birnin daga 1914 zuwa 1962, kuma a hannunsa Fela Sowande ya taso. (Ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen ogan na Sowande sunansa Obangiji, kalmar da ba ta ɓuya wa kunnen Bahaushe ba.) Sai dai abin da Legas ta yaye makaɗa ne. Ogan ɗin kansa daga Turai ake sayo shi, babban gyara ma can ake komawa. Idan haka abin yake a bakin teku, ina ga ƙaramar majami'ar ƙauye a kudancin Kano, wadda baikonta bai wuce abin da manomi ya iya cirewa bayan kaka ba? Irin waɗannan majami'u da ganga da tulu da caki suke raka waƙa, musamman a bakin Zumuntar Mata, daga baya fiyano ya shigo. Ba a kori ogan daga cikinsu ba, domin bai taɓa zama ba.

Manomin Kura ko Bunkure zai fahimci wannan magana ba tare da dogon bayani ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ake noman rani a wannan yanki. Manomin da ke ja da ruwa zuwa gonarsa ba ya zaɓen injin da ya fi ƙarfi ko kyan gani, yakan zaɓi wanda bakaniken kasuwa ya san cikinsa, kuma ake samun kayan gyaransa a kusa, domin shinkafa da tumatir ba sa jiran saƙo daga waje. Haka lissafin dattawan majami'a yake. Tun da Laurens Hammond ya fito da ogan na lantarki a Amurka a 1935 aka sami mafita mai sauƙi, fiyanon Yamaha kuma ya ƙara sauƙaƙa ta, tun da yaro ɗaya zai iya ɗaukarsa a kan babur.

Amma bai kamata a wanke fiyano tas ba. Shi ba a riƙonsa, amfani ake yi da shi har ya mutu a sayi wani. Bututun ogan da aka kula da shi yakan haura shekara ɗari, kuma iskar gaske ce ke cika ɗaki, ba amon lasifika ba.

Idan aka dawo kan kayan kiɗan Hausa, a nan ne masu wancan ra'ayi suka fi yin kuskure da suka haɗa su da ogan a kwando ɗaya. Ames da King (1971) sun tattara sunayen waɗannan kayan kiɗa da na sassansu, kuma duk wanda ya duba zai ga ice ne da fata da ƙwarya, abubuwan da ake samu a gida. Makaɗin kalangu da kansa yake ɗaure fata ya ja tsarkiya, na kotso kuma ya liƙa nake. Da haka kalangun Mamman Shata suka yi ta kuka har rasuwarsa a 1999, ba a taɓa jiran gwani daga ƙetare ba. Saboda haka matsalar kalangu ba ta kaya ba ce, ta magaji ce: ɗan makaɗin da ya koyi danna fiyano bai zauna ya ga yadda ubansa ke ɗaurin fata ba. Wannan batu na gado shi za a duba a sashe na gaba.