Ranar Da Dara Ta Ci Gida

'Yan uwana mata, daga nan Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, duk inda kika ga ana dara maza ne a gindin bishiya. Wai ƙwaƙwalwarmu ba ta kai ba. To, ƙanena ya koya mini darar Turawa, wato ces, ya kuma nuna mini wani wasa a wayarsa. Shi nake so mu duba yau.

A shekarar 2002 aka yi gasa a Mosko. Judit Polgar, 'yar ƙasar Hangari mai shekara 26, ta zauna da Garry Kasparov, gwanin duniya na lokacin, wanda ya taɓa raina wasan mata a fili.

Kun san a dararmu mai gida 30, tun wajen zuba 'ya'ya ake gane wanda zai sha kashi. Haka ces take. Kasparov ya buɗe da salon da ake kira tsaron Balin. Da wannan salon ne Kramnik ya ƙwace masa kambu a Landan a 2000. A cikinsa tun taku na 8 ake musayar sarauniya, sarki ya tsaya a tsakiyar fili ba mafaka, sai haƙuri da jira.

Ni a ganina nan ya yi kuskure. Shi mutum ne mai kai hari, haƙuri ba halinsa ba ne. Ya ari rigar wani, rigar aro kuwa ba ta rufe katara. Ita ko Judit ba ta yi garaje ba. Ta bi hanyar da shi kansa yake bi in an yi masa wannan tsaro, ta matsa wa sarkin nan da hasumiyoyinta biyu, ta cinye masa dakaru biyu. A taku na 42 ya sallama.

Gaskiya wasan ba shi da armashi, mai son kwaramniya zai yi hamma. Amma wallahi natsuwarta ta burge ni.

Don haka 'yar uwa, kada ki ɗauko tsarin gidan wata ki ce dole sai ya zauna a naki. Kuma in 'yarki ta tsaya kallon dara, kar ki kore ta.

Allah Ya sa mu dace, amin.