Sharhi Kan Littafin "Igbo-Ukwu" Na Thurstan Shaw

A wajejen 1938 ne wani mutum, Isaiah Anozie, yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa da ke Igbo-Ukwu, sai ya ci karo da waɗansu kayan tagulla. Rashin sanin darajarsu ya sa har ya riƙa shayar da awakinsa a cikin wani kwano daga ciki. Wannan littafi na 1970 ya bayyana tonon da Shaw ya yi a wurin a 1959-60 da 1964.

Ƙarfin littafin shi ne, marubucin bai auna darajar kayan da kuɗi ko ƙyalli ba. Ya lura da inda kowane abu yake kwance, ya sa aka gwada gawayi da itacen da ke tare da su, sakamakon ya nuna ƙarni na 9. Babatunde Lawal ya ja da haka a 1973, amma gwaje-gwajen baya sun fi goyon bayan Shaw.

Rauninsa kuwa, ya karkata ga cewa daga ƙetaren Sahara aka kawo ƙarfen. Daga baya bincike ya nuna an haƙo wani sashensa a yankin Abakaliki. Ashe Shaw ya yaba maƙerin, amma ya raina arzikin ƙasarsa.

Duk da haka, ɗalibi ya karanta shi. Zai gane cewa wurin tsintuwa shi ne shaidarta. Wanda ya ciro ta ya kai kasuwa, ya ɓatar da shaidar.