Jadawalin Sarrafa Aikatau: Daga Italiyanci zuwa Hausar Adar

Wannan sharhi ya shafi wata hanya ta koyar da nahawu wadda duk wanda ya bi ta makarantar Faransanci ya sha ta tun yana ƙarami, watau jadawalin sarrafa aikatau: a ɗauki aikatau guda, a jera shi gida-gida bisa ga mai aikatawa da lokacin aikatawa, ɗalibi ya haddace. Tun daga nahawun Schön na 1862 zuwa littafin Delafosse na 1901, da wannan mudu na Latin aka fara awon aikatau na Hausa, kuma har wa yau mai shirya darasin yaƙi da jahilci, in ya zo kan aikatau, can hannunsa yake fara zuwa. Tun da dokar watan Maris na 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, bukatar littattafan koyarwa za ta ƙaru. Ya kamata a duba mudun kafin a ci gaba da awo.

An zaɓi Italiyanci don gwaji saboda ya fi Faransanci nuna amfanin jadawalin: ƙarshen aikatau da Bafaranshe yakan rubuta ba tare da ya furta ba, Ba'italiye furta shi yake yi sarai. Sa'an nan Italiyawa ba baƙi ba ne a Adar. Daga 1984 aka soma aikin raya karkara na Keita da kuɗin gwamnatin Italiya da hannun hukumar FAO, inda mutanen wannan yanki, har da na Tamaske, galibinsu mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramuka, suka dasa itatuwa. Don haka aikatau ɗin da za a gwada shi ne piantare, watau dasa.

A Italiyanci aikatau na kasuwa gida uku bisa ga ƙarshensa, -are da -ere da -ire, kuma piantare ɗan gidan farko ne mai bin ƙa'ida. Ana yanke -are, saiwa ta rage piant-, sai a riƙa liƙa mata ɗafa-ƙeya:

(1) pianto, pianti, pianta, piantiamo, piantate, piantano

Kowace kalma a nan jimla ce cikakkiya, domin ɗafin ya riga ya faɗi wanda yake dasawa, ba sai an kawo wakilin suna ba. Haka abin yake tafiya cikin sauran gidaje: piantavo ga aikin da ake cikin yi a da, piantai ga wanda ya wuce ya yanke, pianterò ga na gaba, pianterei ga mai sharaɗi, piantassi ga abin zato ko buri. Nahawun makaranta yana lissafa yanayi 7 da lokuta 21. Wanda ya haddace jadawalin nan guda ya sami mabuɗin dubban aikatau, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce. Malaman zaure na Adar ma sun san irin wannan ribar ta wajen sarfu na Larabci, inda almajiri yake juya aikatau guda har ya zauna masa a ka. Jadawali yana da amfani a duk harshen da aikatau ne da kansa yake sauya kama.

To, a kawo Hausa:

(2) na dasa, ka dasa, kin dasa, ya dasa, ta dasa, mun dasa, kun dasa, sun dasa, an dasa

Abu na farko, gidaje tara ne maimakon shida, saboda Hausa ta raba namiji da mace, ta kuma ware an. Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, dasa bai motsa ba. Dukkan aikin yana kan ƴar kalmar da ke gabansa, wadda ta haɗa lamiri da alamar yanayin aiki. Malamin da ya sa manya su kwafi dasa sau tara, gobe gina sau tara, jibi ɗinka sau tara, ya cinye musu alli da lokaci a kan sashen da ba ya canzawa. Wurin da aikatau na Hausa yake canzawa kuwa, jadawalin ba shi da gida dominsa. Dasa, dashe, daso, dasu, saiwarsu ɗaya, amma wasalin ƙarshe da karin sauti sun raba ma'anarsu: an dashe fili kaf, an daso daga can zuwa nan, itace ya dasu. Wannan shi ne tsarin giredi 7 da F. W. Parsons ya bayyana a 1960, tare da sauyin da karɓau yake jawowa, kamar ya saya, ya saye shi, ya sayi gero. Babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi jiya ko gobe.

Kuskuren da ya fi wannan zurfi yana cikin sunayen gidajen. Jadawalin Italiyanci ya ginu a kan lokaci, aikatau na Hausa kuwa ya fi kula da ko aiki ya kammala ko yana gudana. Claude Gouffé ya yi dogon nazari a kan wannan tun shekarun 1960, amma sunan "shuɗaɗɗen lokaci" bai bar aji ba. Dubi waɗannan:

(3) In kun dasa gobe, ku ba su ruwa.
(4) Bara warhaka muna dasawa.
(5) Da an yi ruwa, da mun dasa.

A (3) "shuɗaɗɗe" ya faɗa gobe, inda Italiyanci zai nemi avrete piantato. A (4) "lokaci mai ci" ya koma bara, inda zai nemi piantavamo. A (5) Italiyanci yana da gida na musamman, avremmo piantato, Hausa kuwa mun dasa ɗin nan dai ta maimaita, kalmar da ta ɗauki sharaɗin. Baƙon da ya miƙe ya ce "na tafi" yana tsaye bakin zaure bai yi ƙarya ba, kuma bai karya nahawu ba. Ɗalibi babba ya san duk wannan tun kafin ya riƙe alƙalami. In aka ce masa kun dasa "abin da ya wuce" ne, ko dai ya yi shakkar kunnensa, ko ya yi shakkar malamin.

Akwai kuma bambancin mun dasa da muka dasa, wanda Italiyanci ba shi da kwatankwacinsa sam. An sha jarabtuwa a daidaita muka dasa da piantammo, ko da takwaransa na Faransanci, don dukkansu suna yawa a cikin labari. Kamar ta tsaya nan. Ana cewa "me kuka dasa yanzun nan?" da "mu muka dasa", kuma babu nisan lokaci a ciki: tambaya, da ƙarfafawa, da jimlar dogarau, da jerin aukuwa, su suke kiran wannan siga. Tsarin jimla ke zaɓenta.

A nan ne maganar ta iso Tamaske. A Hausar Adar, wadda Bernard Caron ya bayyana cikin littafinsa Le haoussa de l'Ader na 1991, wannan siga ita ce munka, kunka, sunka, anka, a tilo kuma ana ninka baƙin farko na aikatau: yac ci, tas sha. Wannan sananne ne a duk Hausar yamma, har Sakkwato. Abin da masu tsara littattafai suka fi mantawa shi ne muka, kuka, suka, aka suna nan a Adar, amma wani aiki suke yi: su ne madadin muke, kuke, suke, ake. Mi kaka yi? tambaya ce a kan abin da mutum yake cikin yi. Saboda haka:

(6) maganin da kuka sha
(7) bashin da kuka ci

Ga Bakano, an sha maganin, an ci bashin, an gama. Ga mutumin Tamaske mai karantawa da harshen gidansu, ana cikin shan maganin, ana cikin cin bashin. A baki ba a cika ruɗewa ba, domin karin sauti ya raba sha na aikatau da sha na sunan aiki, kuma Adarawa mutanen fatauci da cin rani ne, kunnensu ya saba da Kananci ta kasuwa da rediyo. A takarda kuwa babu karin sauti. Tsohuwar ƙa'idar da Nijar ta bi bayan taron Bamako na 1966, wadda take ninka dogon wasali kamar yadda ake gani a sunan jaridar Saabon Ra'ayii, da ta raba ci da cii a (7), amma ko ita da ba ta warware (6) ba, tun da wasalin sha dogo ne ta kowace fuska. Ƙa'idar da aka daidaita a Yamai a 1980 ba ta nuna tsawo ko kari. Takardar asibiti da littafin ƙungiyar manoman albasa su ne abin da sabon mai karatu zai fara cin karo da su, kuma a irin waɗannan takardu bambancin an gama da ana ciki ba wasa ba ne.

Jadawali mai layi ɗaya yana ɓoye wannan, kamar yadda na Italiyanci, wanda ya samo asali daga harshen Firenze, yake jera piantai da ho piantato kafaɗa da kafaɗa ba tare da ya faɗi cewa mutanen arewacin Italiya na biyun suka fi amfani da shi a magana, na Sisili kuwa na farkon ba. Littafin Caron ya tara abin da ake bukata, sai dai da Faransanci yake, don masana aka yi shi, ba don malamin da ke koyar da manya da dare ba.

Ba a nan ake neman a sauya daidaitacciyar Hausa ba. Abin da ya dace da cibiyoyin Keita da Buza da Madawa shi ne a bar aikatau a wurinsa, a jera ƴan kalmomin da ke gabansa kaɗai, layi biyu gefe da gefe, na littafi da na Adar, kowace siga cikin cikakkiyar jimla. A darasin da muka zai fara fitowa, malami ya rubuta munka a gefensa, ya sa a karanta (6) da baki ta fuska biyu kafin a wuce.