Rufin Kwalta Ya Shigo Gari, Kafintocinmu Sun Shirya?

Rufin gida ya zama abin gasa. Zaga sababbin unguwannin Abuja, ko gidajen da ke tasowa a bayan garin Kano da Kaduna, za ka ga mai hali ya raina kwanon da ya girma a ƙarƙashinsa. Sai dogon rufi mai tsini, baƙi ko ruwan ƙasa. Cikin wannan yayi ne wasu suka fara neman shingil na kwalta, irin wanda suke gani a finafinan Amurka. Ba kwanon nan mai tsakuwa irin Gerard nake nufi ba, shi ƙarfe ne, zancensa daban.

A Amurka shingil rufin kowa da kowa ne. Ana danganta fara yanka shi falle-falle da Henry Reynolds na garin Grand Rapids a jihar Michigan, a 1903, kuma araha da saurin aiki ne suka sa ya mamaye yawancin gidajensu. Na yanzu shimfiɗar zaren gilashi ce da aka jiƙa da kwalta, aka barbaɗe da tsakuwa. Su katakon da ake jera shi a kai bai yi musu tsada ba, kuma sun san bayan shekara 20 zuwa 30 za a ɓamɓare a sake. Mu kuwa da dala za mu shigo da shi, mu ɗauke shi kayan alfarma.

Aikinsa ne ma ya fi damuna. Ba a ɗora shi a kan 'yan sandunan katako kamar kwano a buga ƙusa a sauko. Sai an rufe saman ginin kaf da allunan katako, a shimfiɗa abin tare ruwa, sannan a fara jere daga ƙasa ana hawa, kowane layi ya rufe kan na ƙasansa, mahaɗarsu kuma ta goce wa juna. Ƙusa huɗu ga kowane falle, shida inda iska ke da ƙarfi, kuma daidai kan layin da aka zana. Ta ɗan yi sama, fallen bai kamu ba. Ta nutse da yawa, ta yaga shi. Kafintan da ya ƙware a kwano ba lallai ya san wannan ba, kuma da wuya ka ji ya ce maka bai iya ba. "Ai ba wani abu ba ne, Alhaji," shi ke nan an hau sama.

To, ga guguwar farkon damina da ke yaye kwanon makarantu kowace shekara. Ga gara, ga katako shimfiɗe an kai mata har gida. Ga ranar Afrilu da ke haura digiri 40, mai busar da kwalta har ta tsattsage, tsakuwar ta zube. Baƙin rufi zafi yake sha, idan ba a bar wa iska hanyar shiga da fita tsakanin rufi da silin ba, mutanen gida ne za su gasu, wutar lantarki kuma kun san halinta.

Shingil yana da nasa alherin: ba ya tsatsa, ba ya ƙarar kwano idan ruwa ya sauko. Amma ga yawancin gidajen Arewa, alminiyon mai kauri, mai hasken launi, ya fi shi dacewa nesa ba kusa ba. Wanda kuma ya dage sai shingil, kafin ya ba da ko sisi, kafinta ya kai shi ya ga rufin da ya yi da hannunsa wanda ya ga damina uku.